Yadda ake tono tarihin tsohon gidan ƙasa kuma a gyara shi ba tare da siminti ya kashe shi ba

Gidanmu na gado yana Wurno, irin gidajen nan na jar ƙasa masu zaure da soro da zankwaye a sama, kuma saura ƙiris a kayar da shi, don da damina ta ci bangon gabas sai 'yan uwa sunka fara magana a gurup ɗinmu na WhatsApp cewa a kawo tifa a kwashe a zuba bulo kowa ya huta. Ni ma da fari ra'ayina kenan wallahi. Sai da na je na iske goggonmu zaune bakin soron tana gyaran shinkafa, na gaya mata abin da anka yanke, ta ɗago ta dube ni ta ce "Ɗan nan, wanga soro da kuka son kayaswa cikinai anka yanke cibiyar ubanku, ku bari in mutu tukuna." To daga nan ne na koma na roƙi a ba ni rani ɗaya. Abin da na koya a wannan ranin shi zan jero muku, don na san da yawanmu akwai irin wanga gida a Rabah ko Gwadabawa ko Bodinga ko Yabo yana can yana narkewa a hankali.

Abu na farko, kafin ka taɓa ko tubali ɗaya, ka sami yardar magada. Gidan gado ba naka ba ne kai kaɗai, kuma ranar da ka kashe kuɗinka ka gyara ranar za ka ji an fara cewa so kake ka cinye. Ka tara su ko a waya ne, a faɗa a gaban baffa ko wanda ya fi kowa girma, a rubuta cewa gyara ne ba rabo ba. Wannan ya isa, mu wuce.

Na biyu shi ne tsofaffi, kuma nan zan daɗe, don bango yana iya jiranka shekara guda amma tsohuwa mai shekara 80 ba ta da wannan alƙawarin. Ka fara da mata, su ne sunka zauna cikin gidan dare da rana, su sunka san wane ɗaki anka ƙara da anka kawo amarya ta uku, wane ne ya taɓa cin wuta, ina rijiyar da anka cike take. Maza sun fi riƙe salsala da labarin yaƙi, kuma in ba ka yi hankali ba duk gidan da ke Wurno sai a ce maka tun zamanin Bello yake. Eh garin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, nan ya rasu a 1837 kuma nan hubbarensa yake, amma tsufan fili daban tsufan bangon da ke tsaye a kai daban, ginin ƙasa ana ta sabunta shi ne ɗaki bayan ɗaki.

Ka je da goro ko ɗan sukari, ka nemi izni kafin ka kunna rikodin ɗin waya, ka aje ta a gefe ka manta da ita. Kar ka tambaya "wace shekara anka gina", ba za ka sami komai ba sai "ai ya daɗe". Ka tambaya wa ke sarauta lokacin, wa anka haifa a ɗakin, kafin yunwa ce ko bayanta, da wane kuɗi anka biya magina. Sai kai ka koma ka ɗora amsar kan abin da aka san shekararsa. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Bayan nan Attahiru na biyu ya yi 1903 zuwa 1915, Maiturare 1915 zuwa 1924, Tambari 1924 zuwa 1931, Hassan ɗan Mu'azu 1931 zuwa 1938, sai Sarkin Musulmi Abubakar na uku da ya yi shekara 50 cif, 1938 zuwa 1988, shi kam in anka ce "zamanin Abubakar" ba a taimake ka da yawa ba sai ka ƙara tambaya, kafin a kashe Sardauna a 1966 ko bayan nan, da fam da sule ake ciniki ko da naira wadda ta shigo 1973, shekarar babban farin nan. Yunwar Kakalaba kuwa wajen 1914 ce. Goggo ta ce min uwar mijinta ta sha gaya mata an rufe soron "shekaran da Hassan yah hau", to ka ga na samu 1931 ba tare da ta san lissafin boko ba. Ka tambayi mutum biyu ko uku daban daban, kuma ba a zama ɗaya ba, don in suna tare ƙaramin ba zai musa wa babba ba ko da ya san an yi kuskure.

Na uku, takardu. Ka nemi tsohuwar adaka, gafakar littattafai, ƙarƙashin gadon ƙarfe, cikin alkuki, har saman ƙyaure. Abin da ake samu: rasit na haraji da jangali, wasiƙun ajami, takardar sayen gona, Alƙur'ani rubutun hannu wanda galibi a bangon ƙarshe mai shi ke rubuta ranar haihuwar ɗiyansa, wani lokaci kwabo mai huji, shi kuwa shekararsa na jikinsa. In shekarar Hijira ce a rubuce ga dabara mai sauƙi, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Gwada da rasuwar Shehu, 1232 sau 0.97 ya ba ka 1195, ƙara 622, 1817 kenan daidai. In da haruffa anka rubuta shekarar, wato ramzi, ka kai wa malamin zaure ya warware maka. Don Allah kar ka manna musu salatif, kar ka kai a yi musu laminatin, zafin injin da gam ɗin suna lalata takarda kuma ba a iya cirewa. Ka shimfiɗa kowace a inuwa ka ɗauki hoto gaba da baya, ka sa farar takarda tsakaninsu, ka aje a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa saboda gara. In ka ci karo da abin da ya fi ƙarfinka akwai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a cikin Sakkwato, irin waɗannan takardu suke ajiyewa.

Na huɗu sai ka karanta ginin kansa. Tef, takarda, fensir, tocila, da yaro ɗaya da zai riƙe maka bakin tef. Ka fara daga zaure ka bi yadda baƙo zai shiga, zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida, turaka, ɗakunan mata, madafi, rufewa, makewayi. Ka zana ko da zanen bai yi kyau ba, ka sa alamar gabas, ka rubuta tsawo da faɗi da kaurin bango. Ka lura da yadda ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar shigifa kai tsaye, da gangan ne, don wanda ke waje kar idonsa ya faɗa cikin gida. Kowane bango ka ɗauke shi hoto da safe ko da la'asar lokacin da rana ke bugunsa a karkace, a lokacin ne tsohon zanen da yaɓe ya kusa shafewa ke fitowa, mu a goshin zaurenmu haka munka ga dagi da babu wanda ya san da shi cikin yaran gidan.

Inda bango ya fashe kar ka yi saurin baƙin ciki, nan ne za ka leƙa cikinsa. In ka ga tubali mai kama da ƙwai, gindi faɗi kai tsini, wanda anka dunƙula da hannu anka jera a tsaye, ginin gargajiya ne na asali. In mai kusurwa huɗu ne da anka buga a akwati, na baya ne. Tsohon bango yana da kauri a gindi yana sirancewa in ya yi sama, kuma a bakin fashewar za ka iya ƙirga yaɓe hawa hawa kamar ɓawon albasa. Duba kusurwoyi, bangon da anka gina tare yana sarƙe da ɗan uwansa, wanda anka ƙara daga baya jingina kawai yake yi kuma galibi nan tsaga ke fara fitowa, da haka za ka gane wane ɗaki ya riga wane. Ɗaga kai ka dubi rufi. Azara, wato giginya da anka tsaga, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kusan mita 2, shi ya sa tsofaffin ɗakuna ke da ƙunci, wanda kuma ke son faɗi sai ya sa ginshiƙi a tsakiya ko ya nemo gwani ya yi masa bakan gizo, a ɗaure azara gajeru gajeru daga bango biyu suna lanƙwasowa har su haɗu a sama a lulluɓe da ƙasa, in bakan sunka gitta juna anka tashi tulluwa a kai shi ne ɗaurin guga. Wannan aikin ne ya ɗaukaka sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, kuma in ka gan shi a gidanku ko ƙarami ne ka san kakanka ba ƙaramin mutum ba ne a lokacinsa, don ba kowa ke iya biyan gwani ba. Siminti ma yana ba da labari, kamfanin Kalambaina bai fara fitar da siminti ba sai 1967, to daɓen siminti a ƙaramin gari galibi ba zai yi tsufan da ake ba shi ba. Haka dogon yaro, zamanin Turawa anka kawo shi, komai girmansa a tsakar gida bai ga jihadi ba.

Na biyar, neman ciwon gidan. In da hali ka je da damina, cikin Agusta, ka tsaya da laima ana ruwa ka ga da idonka inda ruwa ke kwanciya a rufi, wane indararo ya toshe, wane ne ke zubowa jikin bango, ina ruwan lungu ke taruwa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan duka, shi za ka fara dubawa. Sannan gindin bango, in ka ga ya zaizaye ya yi kogo ko ƙasar na zubowa kamar gari da fari fari a jiki, danshi ne ke hawowa da gishiri, kuma sau da yawa dalilin shi ne titi ko lungu ya yi tudu da shara da cikon shekaru har gidan ya koma rami. Azara kuwa ka ƙwanƙwasa kowace, mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda ta mutu sai ka ji fuf, ka soka ƙusa a inda ta shiga bango don nan take fara ruɓewa. Tsaga kuma ba duka ke da haɗari ba, ka manna mata ɗan laka a gicciye ka rubuta kwanan wata, bayan sati uku ko huɗu in lakar ta rabe to tsagar na tafiya, bangon na motsi, a fitar da mutane daga ɗakin a tokare rufin da itace tun kafin a yi wata magana. Wannan ba wasa ba ne, rufin soro ƙasa ce mai nauyin gaske, kuma kowace damina muna jin labarin gini ya faɗa wa mutane cikin dare.

Na shida, magini. Ka nemi sarkin magina na garin ko ka tambayi tsofaffi wa ya rage cikin masu ginin ƙasa, kar ka ɗauko birkila. Ni na yi wannan kuskuren shekarun baya, na turo kuɗi daga birni anka samo wani birkila ya shafe bangon turaka da filastar siminti, ya yi sumul kowa na ta sa albarka, damina uku kawai sai filastar ta ɓallo gaba ɗaya kamar an buɗe ƙyaure, bayanta ƙasa jiƙe sharkaf da hanyoyin gara. Dalilin shi ne bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuma ya toshe masa hanya, ruwa ya shiga ta ƴar tsaga ba ya da mafita, kuma su biyun ba sa miƙewa tare in zafi ya yi, ka san zafin Sakkwato a watan Afrilu. Da tsohon maginin da munka samu ya ga wurin sai ya girgiza kai ya ce "Malam, kun sa mai rigar leda ga rana, mi kuka so shi yi?" Ban ce komai ba.

Na bakwai, haɗa kaya, kuma a fara da wuri, da an gama girbi, don a gama kafin ruwa ya sauko wajen Yuni. Ƙasar da ta fi dacewa ita ce wadda ta zubo daga bangon kansa, kar a zubar, a tara a tsince leda da kwalba a sake kwaɓawa, in ba ta isa ba a ɗebo daga kududdufin da anka gina unguwar da shi, don kududdufan nan da kuke gani cikin gari ramukan ginin kakanni ne. A jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba ramno wato yankakkiyar ciyawa, wasu na ƙarawa da kashin doki ko na jaki, a rufe a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa, sau biyu sau uku. Gajen haƙuri a nan shi ke sa yaɓe tsagewa. Tubali a dunƙula a shanya kamar sati biyu har ya bushe ciki da waje. Kafin a shafa ko'ina a gwada kwaɓin a ɗan wuri kamar faɗin faranti, kashi uku daban daban, in ya tsattsage yumɓu ya yi yawa a ƙara yashi da ramno, in yana zubowa da ka goga hannu yashi ya yi yawa.

Sai maganin ruwa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a daka a jiƙa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, da shi ake kwaɓa yaɓen waje kuma a yayyafa a daɓe. Laso kuwa shi ne na rufi da saman bango, katsi daga marina, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, gashin jima daga majema, da ruwan dafara, wani tsiron daji mai yaɗo, da anka daddaka anka jiƙa. Gashi ba wuya a Sakkwato garin jar akuya, katsi ne ke wahala yanzu saboda karofi da yawa sun mutu, ka fara cigiya tun da wuri, azara ma haka, giginya ta yi ƙaranci, in ka ji wani na rushe tsohon gida je ka sayi tasa, tsohuwar azara mai lafiya ta fi sabuwa ɗanya.

Na takwas, aikin kansa, kuma a bi shi a jere. A fara janye ruwa daga gindin gida, a kwashe cikon da ya taru, a yi gangare, a buɗe kwata. Sannan a cike kogon gindin bango kaɗan kaɗan, kamu ɗaya a bar kamu ɗaya, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa, a yayyafa ruwa, a jera tubali ko dutse da laka, sai ya sha iska a dawo kan wanda anka tsallake, in anka rarake duka lokaci guda bangon zai zauna. Tsaga babba a buɗe ta a gitta gajerun azara a ciki kamar ɗinki a cike. Daga nan a hau rufi, a yaye ƙasar inda azara ta mutu, a canza ta, a shimfiɗa asabari ko zana, a mayar da ƙasa hawa hawa ana bugawa, a karkata ta wajen indararo, kuma a kula kar a yi ta ƙara ƙasa bisa ƙasa kowace shekara ba a rage tsohuwa ba, nauyin nan ne ke karya azara. Indararo ya fito sosai yadda ruwan zai faɗi nesa da bango, a aje dutse inda yake zuba. Yaɓe shi ne na ƙarshe, da hannu, hawa biyu ko uku sirara, ba a tsakar rana ba. Inda akwai zane a bar wa maginin ya bi sahun tsohon da yatsa, kar a bar yara su ƙirƙiro sabo. Ciki a shafa farar ƙasa, fentin mai a bar shi can.

In kuɗi ko magini sun gagara, ni ban ga laifin ɗora kwano a saman ɗakunan kwana ba, in dai an ba shi baki mai tsawo da zai kare bango, haka munka yi wa ɗakuna biyu na baya. Zaure da soro ne munka bari yadda suke, don ɗora musu kwano sai an sare zankwaye.

Bayan nan abin da ya rage na kowace shekara ne, kafin ruwan fari a hau rufi a share, a cire tsiron da ya fito, a toshe ramin ɓera da na ƙadangare, a zura sanda cikin kowane indararo, bangon gabas a sake masa yaɓe duk bayan shekara biyu ko uku. Kuma a sa mutum ya zauna a ciki, ɗakin da ke rufe babu mai ganin ɗigon farko. Mu wani ɗan baffanmu mai koyarwa a firamare munka ba soron, shi ke turo hoto gurup in an yi ruwa mai ƙarfi. Rikodin ɗin goggo kuwa, awa huɗu da wani abu, na tura wa mutum biyar cikin dangi na kuma sa a filashi don waya na iya faɗawa ruwa, yanzu ina kan rubuta shi a littafi da Sakkwatancinta yadda ta faɗa. Bangon turakar nan da siminti ya ci har yau yana tokare da itace biyu, shi ne aikin rani mai zuwa in Allah ya kai mu, katsin ma an yi min alƙawarin buhu biyu.